Allon da Rhonda Ta Taho da Shi Daga Oklahoma

Ko labulen falo Rhonda Tackett ba ta gama ratayawa ba a sabon gidansu na jihar Pennsylvania ta Amurka, hukuma ta ƙwanƙwasa mata ƙofa. Wani dogon mutum ne mai sanƙo, ya ce sunansa Mista Brubaker, daga ofishin ilimi na gunduma. Wai an sanar da su akwai wata yarinya a gidan da ake gani tana watsa wa kaji hatsi a lokacin da sa'o'inta ke cikin aji.

"An sanar da ku?" in ji Rhonda. "Wane ɗan sa idon ne bai da aikin yi sai ƙirga kajina?"

"Misis Tackett, ba faɗa na zo yi ba. A wace makaranta take?"

"A kicin ɗina take. Tabitha sunanta, shekararta goma, ni uwarta nake koya mata. Tun tana 'yar mitsitsiya muke haka a Oklahoma, ko kare bai taɓa yi min haushi a kai ba."

Mutumin ya gyara tsayuwa, ya ce ai nan ba Oklahoma ba ce. A nan sai ta kai takardar rantsuwa cewa ita ce mai koyarwa, ta rubuta abin da take nufin koyarwa, ta riƙa tara aikin yarinyar. Ƙarshen shekara kuma wata malama mai takardar shaida ta duba aikin, ta zauna da yarinyar ta yi mata tambayoyi. Sannan ga shaidar duba lafiya, har da gwajin ido. In aka ga babu ci gaba, magana na iya kaiwa ga a ce a sa ta makarantar gwamnati.

Maganar nan ta ƙarshe ce ta harzuƙa Rhonda. Ta wanke shi tas, tun daga sanƙonsa har takalminsa, ta ce haƙoran yarinyar ma ko zai ƙirga kafin ya tafi? Shi dai ya ajiye mata takardu a kan kujerar baranda ya kama gabansa, ta bi bayansa da tsaki.

Da yamma mijinta Wendell ya dawo daga aikin shimfiɗa bututun gas, aikin da ya kwaso su daga garinsu tun farko. Ya tarar da wake da burodin masara a tebur, ya tarar da matarsa ta cika ta batse.

"Ka kawo mu jihar da uwa sai ta yi rantsuwa kafin a yarda 'yarta tata ce," ta ce masa.

"To ki rantse mana. Ke da kike rantsuwa kullum kyauta, yau an ce ki yi a takarda shi ne abin tashin hankali?"

"Wendell, kar ka kawo min wasa. Raba ni da ita suke so su yi."

"Ba wanda zai raba ku. Ki ba su abin da suka nema, ki huta."

Shi yana iya faɗin haka, don ba shi aka tsayar a gaban allo ba. Rhonda tana aji huɗu wata malama, Misis Odom, ta kira ta gaban aji ta yi lissafin rabawa. Ta kasa. Malamar ta bar ta a tsaye da alli a hannu har aka tashi, yara na ta ƙyaƙyata dariya. Abin da Rhonda ba ta manta ba har yau shi ne fuskar matar, baki a taɓe, goshi a tattare, ido kamar ta ga ƙazanta a ƙasan takalminta. Ranar da aka haifi Tabitha, Rhonda ta yi alkawari tsakaninta da Allah babu wata bare da za ta taɓa kallon 'yarta da irin wannan fuskar.

Shi ya sa ta sayi allonta na kanta, wani ƙaton baƙin allo daga wata makarantar coci da aka rufe. Da za su taso Wendell ya ce a bar shi, ta ce sai dai a bar firji. A bayan a-kori-kura ya yi tafiyar, naɗe da bargo, yanzu ga shi a bangon kicin. Teburin karatun Tabitha kuma yana can ɗaya gefen, jikin taga, don ƙurar alli tana sa ta tari.

Karatu dai Tabitha ba ta da matsala, sai dai mugun halin nan na cusa hanci cikin littafi. Tarihi kuwa in an karanta mata sau ɗaya ta haddace. Lissafi ne abin kunyar gidan. Abin da ke ƙona wa Rhonda rai shi ne yarinyar ba daƙiƙiya ba ce. Tambaye ta da baki kaji kaza in kowace ta yi ƙwai kaza, kafin ka rufe baki ta ba ka amsa. Amma a rubuta mata a allo a ce ta kwafa ta yi, sai ta kawo shirme. Wannan in ba taurin kai ba mene ne? A Oklahoma Rhonda tana cewa a hankali za ta gyaru. Yanzu kuwa wata baƙuwa za ta zo ta buɗe aikin nan ta gani, kuma Mista Brubaker yana can yana jira.

Sai ta matsa. Lissafi da safe, lissafi bayan abincin rana.

"Ɗago kanki! Allo na ce ki kalla, ba tebur ba."

Tabitha ta ɗago, ta ƙanƙance ido ta tattare goshi.

"Ni kike harara? Iye? Ni kike harara, Tabitha?"

"A'a, Mama."

"To gyara min fuskar nan. Ki ci gaba da wannan iskancin, su zo su ɗauke ki su kai ki inda ba wanda ya san sunanki. Haka kike so?"

"A'a, Mama."

Kullum a'a Mama, kullum shirmen yana nan. Rhonda sai ta kwana tana juyi, tana tsine wa gunduma da jihar da maƙwabcin da ya kai tsegumi. Da dare in ta shiga ɗakin yarinyar ta sunkuya ta sumbaci goshinta, zuciyarta takan yi sanyi, ta ce gobe ba za ta ɗaga murya ba. Gari na wayewa ta ɗaga.

Takardun ta cika su ɗaya bayan ɗaya, kowace da tsakinta. Gwajin ido ta bari ƙarshe, don shi ya fi ba ta haushi. Yarinyar da ke zura zare a allura, ita za a gwada wa ido? Ta tuƙa mota zuwa cikin gari tana mita tun daga ƙofar gida.

Likitar idon, wata matashiya mai suna Dokta Hostetler, ta zaunar da Tabitha ta nuna mata haruffa a bango. Tabitha ta faɗi babban na sama. Daga nan ta kasa gaba, ta ƙanƙance ido.

"Tabitha, kar ki kunyata ni a gaban mutane," in ji Rhonda. "Haruffan nan tun yaushe kika san su?"

"Bar ta, Misis Tackett," likitar ta ce. Ta ɗora wa yarinyar wani ƙarfe mai gilasai a fuska, tana canzawa tana tambaya. Can sai ga Tabitha tana zubo haruffa har layin ƙasa. Likitar ta juyo. "Ba a taɓa duba ta ba? Abin da ya wuce tsawon hannunta duk hazo take gani. Kusa kam lafiya lau."

"Da haka ne ai da ta faɗa min."

"Ba su cika faɗa ba. Ta ɗauka kowa haka yake gani."

Rhonda ta ji maganar ta shige ta, amma ta ƙi ba ta wurin zama. A mota ta ce kasuwar tabarau ce kawai, gunduma ta turo ka, likita ta sayar maka, su raba riba. Da ta maimaita wa Wendell haka bai yi dariya ba, ya dai dube ta ya ci gaba da cin abincinsa. Wannan shirun ma ya ƙara tunzura ta.

Ranar da aka karɓo tabarau, Tabitha ta sa shi tun a shago. A hanya tana manne da gilashin mota tana karanta sunayen tituna a hankali, kamar mai addu'a. Suna isa gida waya ta yi ƙara. Mista Brubaker ne, wai yana tuna mata shaidar gwajin ido ba ta iso ofis ba tukuna. Ta ce masa in ya matsu ya zo ya cire idon ya tafi da shi, ta kife wayar.

Da wannan zafin ta shiga kicin ta ɗauki alli.

"Zauna. Yau zan ga wane uzuri ya rage."

Ta cika allo da lissafin rabawa, alli yana ƙara a jikinsa saboda yadda take dannawa. Ta juyo ta harɗe hannu ta tsaya jikin allo daga nesa, tana jiran shirmen da ta saba. Tabitha ta kalli allo, ta sunkuya, ta kalla, ta sunkuya. Ba a jima ba ta miƙo takardar.

Rhonda ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Duka daidai. Ta koma farko ta sake bi, ko ɗaya babu kuskure. Wani daɗi mai haɗe da mugunta ya taso mata. Wannan takardar za ta sa a saman aikin yarinyar, malamar da za ta duba aikin ta zo ta gani, mai sanƙo ya gani ya haɗiye maganarsa. Babu mai kai Tabitha ko'ina.

Ta koma gaban allo ta goge, ta rubuta waɗanda suka fi wuya. "Kar ki ga kin ci waɗancan ki ɗauka kin gama. Maza, ban son nawa!"

Fensir bai motsa ba. Tabitha ba allo take kallo ba, uwarta take kallo, ido a buɗe tar a bayan gilashi.

"Me kike kallo kuma?"

"Mama, ashe haka fuskarki take in muna lissafi?"

"Kamar yaya?"

"Ni a da muryarki kawai nake ji. Fuskar ba na ganinta daga nan. Na ɗauka irin wadda kike zuwa min da ita da dare ce, in kin sunkuyo."

Rhonda ta ji goshinta a tattare, ta ji bakinta a taɓe, kuma ba ta bukatar madubi don ta san wa ta taɓa gani da wannan fuskar a gaban allo. Allin da ke hannunta ya karye biyu.

Tabitha ta kai hannu ta zare tabarau a hankali, ta naɗe shi, ta riƙe a cinyarta.

"Zan riƙa kwafa da shi," ta ce. "In na gama kwafa, zan iya cirewa?"