Ranar da Fijo ta Ƙi Cin Giya

Ni na kai ƙarar Baba Tshabangu hukumar gari, kuma ban sa sunana ba. Shekara tara yana min dariya a ƙungiyarmu ta masu tsoffin motoci don na dasa wa tawa injin Japan. "Zenzo, wannan ai alfadara ce, ba mota ba," haka yake cewa, kowa ya kwashe da dariya. Abin ya daɗe yana ci min rai.

Tasa Fijo 404 ce irin tawa, amma ko ƙusa ɗaya bai canja mata ba. A kan bulo take zaune don kada taya ta ruɓe. Duk Lahadi ya tada injin, ya saurara, ya kashe.

Dokar unguwarmu a fili take: motar da ba ta iya fita ƙofa da kanta bola ce, ba a ajiye ta a gidan zama. Mai duba gidaje, MaNyathi, ta ba shi sati biyu. Tsoho ya ƙare su wajen goge ƙarfe da wanke kujeru. Ran Talata da wa'adin ya cika aka sauke ta daga bulo, ya sa kwat, maƙwabta suka taru.

Bugu ɗaya ta tashi. Ya taka kuloci, giya ta yi ƙara ta ƙi shiga. Tsatsa ta manne farantin kulocin, kamar yadda take yi wa duk motar da aka bari zaune. Na san maganin: ka kashe, ka sa giya, ka tada ta da fizga. Shi ma ya sani, amma idon jama'a ya ruɗa shi. Na tura hannuwa aljihu.

"Baba, waƙa take ko tafiya?" wani ya yi ihu.

"'Yata, minti biyar," tsoho ya roƙi MaNyathi, gumi na ɗiga.

"Baba, gida shida ke jirana."

Masu janwe suka ɗaura sarƙa a bamba. Bambar ta tsinke, suka jefa ta cikin motar ta gilashin baya, suka ja motar suka tafi.

Da kowa ya watse, ya shiga ɗaki ya fito da kwalin fitilun Fijo na asali, ko buɗe shi ba a taɓa yi ba. Ya ɗora min a hannu.

"Riƙe, ɗana. Kai kaɗai ne ba ka yi dariya ba."

Na karɓa. Sun yi wa tawa daidai.