Ubangidan Bayin Mama Clara

"Wai kai ubangidan bayi ne ko mai rabon katin biki?" Mama Clara ta daka masa tsawa daga kan gado. "Wa ya taɓa ce wa bayi, don Allah ku yi layi?"

Yara sha biyu suka bushe da dariya. Halliru, akanta mai 'ya'ya uku, yana tsaye tsakiyar falonta a unguwar Perry Barr, can ƙasar Turawa, an kifa masa zaren mofar goge ƙasa a ka a matsayin gashin Bature.

Maƙwabciyarsa ce, tsohuwar nas 'yar Jamaika. Shekara ashirin tana koya wa yaran unguwa tarihin baƙar fata duk Asabar. Da ƙaramar hukuma ta rufe zauren taro wai babu kuɗi, ta dawo da ajin falonta. Da ciwo ya kayar da ita, ta sa aka sauko da gadon. Duk ɗaya ga Agusta yaran kan yi wasan tunawa da 'yanta bayi, bana kuwa kowa ya ƙi fitowa a mugu. Halliru farfesu kawai matarsa ta aiko shi ya kawo, aka riƙe shi.

"Mama, ba halina ba ne."

"Su ma a gidajensu mutanen kirki ne. Ɗaure fuska!"

Ranar Laraba da hantsi Mama Clara ta cika, saura kwana uku a yi wasan. Ɗanta ya iso daga Manchester ya ce a fasa wasan. Raki, babbar ɗalibarta, ta miƙa masa takarda da rubutun uwar: "Ko na mutu a yi. Halliru ya daina murmushi."

A lambun da ke bayan gidanta aka yi. Halliru ya fito ya yi wani ruri da shi kansa sai da ya razana. Wata tsohuwa 'yar cocin su Mama Clara ta miƙe ta zabga masa lema a gadon baya. Yara suka tsinke sarƙoƙin takarda tun lokaci bai yi ba, suka kora shi har cikin shukar tumatir. Ɗan Mama Clara ya yi ta dariya har ta koma masa kuka.

Sannan Raki ta karanto sunayen kakannin marigayiyar da aka bautar, iya huɗun da aka sani.

Da aka watse, Halliru ya tsuguna wajen tumatirin da ya taka. Ya samo ɗan tsinke ya kafa, ya tallafo reshen a hankali ya jingina shi.