Lidon Kwali

Mai Sikeli ba ya cikin masu fafe gora ranar tafiya. Shekara ashirin da biyu yana aiki a ofishin aika kaya, yana ɗora ƙunshi a sikeli yana rubuta nauyi, har aikin ya biyo shi gida. Ko lemo aka miƙa masa sai ya jinjina shi a tafin hannu kafin ya ɓare. Don haka ranar da rediyo ta sanar cewa kogi yana cika, mutanen unguwannin gangare su zauna cikin shiri, ko gezau bai yi ba. An ce in motar kwashe jama'a ta zo, kowa jaka ɗaya, kilo goma. Kafin maƙwabta su gama salati shi har ya jera jakunkuna uku a falo: tasa, ta matarsa Malama, da ta mahaifinsa.

Komai a rubuce yake. Ruwa, biskit, gwangwanayen kifi, tocila, batir, bargo, sabulu, almakashi, takardun gida a cikin leda, maganin hawan jinin Baba na wata guda. Ya ɗauko ɗan sikelinsa na hannu mai ƙugiya ya rataya jakunkunan ɗaya bayan ɗaya. Biyu suka tsaya a goma cif. Ta Baba ta zarce da giram ɗari uku.

Ya zuge jakar ya cusa hannu, sai ga tsohon kwalin lido an naɗe shi da roba.

"Malama, wannan fa?"

"Lidon Baba ne," in ji ta daga ƙofar kicin.

"Na ga lido ne. Gudun ruwa za mu yi ko hutu za mu je?"

"Ranka ya daɗe, giram nawa ne duka-duka?"

"Ɗari uku. Nauyin gwangwani biyu ke nan. In yunwa ta zo, lido za mu tafasa?"

"Ai ba ciki kaɗai ke jin yunwa ba."

"Wannan zancen aji ne, ki bari sai kin shiga makaranta."

Ya ajiye kwalin a kan tebur. Malama ta dube shi, ta dubi kwalin, ta koma kicin abinta. Ta san halin mijinta: in lamba ta shiga magana, to maganar ta ƙare.

Baba tela ne a da, irin wanda yake duban mutum sau ɗaya ya faɗi faɗin kafaɗarsa. Shekara uku ke nan mantuwa ta fara cin sa. Ta cinye sunayen tituna, ta cinye na abokai, a ƙarshe ta cinye sunan ɗansa. Yanzu in Mai Sikeli ya dawo daga aiki, Baba sai ya gyara zama ya ce, "Sannu da zuwa, Malam," kamar yadda ake yi wa baƙo mai mutunci. Abin yana yi masa ciwo ƙwarai, amma bai taɓa gaya wa kowa ba. Sai ya mayar da ciwon aiki: shi ne mai ƙirga ƙwayoyin magani, shi ne mai canja makullin ƙofa, shi ne mai rubuta lokacin komai a jikin firiji. Zama da tsohon kuwa ya bar wa Malama. Kullum ta taso daga makaranta, da la'asar, sai ta baje lido su buga. Shi rabonsa da taɓa lido tun yana da gajeren wando.

Motar ta zo ranar Talata da hantsi, ruwa ya riga ya kai idon sawu a tsakar titi. Aka kai su babban zauren wata makaranta a kan tudu, aka ba kowane iyali tabarma da kusurwa.

In za a faɗi gaskiya, ranar farko ranar Mai Sikeli ce. Wani ya zo da talabijin a ka, bai zo da cokali ba. Wata ta ɗauko akwatin kayan kwalliya ta manta maganin ɗanta. Kowa wajensa yake zuwa aron almakashi, aron igiya, aron tocila. Yana bayarwa yana satar kallon Malama, ko za ta ce wani abu. Ta ce, "Allah ya ƙara basira," ta ci gaba da ninke bargo.

Sai la'asar ta yi.

Baba ya fara waige-waige. Ya shafa tabarma ta gabansa, ya ɗaga bargo, ya leƙa ƙarƙashin jaka. Shi kansa bai san abin da yake nema ba, jikinsa ne kawai ya san lokacin wani abu ya yi kuma abin bai zo ba. Ga hayaniya, ga baƙin fuskoki, ga masu rigima a kan wurin cajin waya ɗaya tilo da ke bango. Ya miƙe ya ce shi gida za shi. Suka lallashe shi ya zauna. Ya ture biskit, ya tofar da magani.

Washegari abin ya fi haka. Malama tana layin ruwa, Mai Sikeli ya juya baya yana nuna wa wani yadda ake ɗaure igiyar shanya, ko da ya waiwayo babu Baba. Ya fita da gudu ba takalmi. Can gangare ya hango shi, inda kwalta ta nutse cikin jan ruwa, tsohon yana naɗe ƙafar wandonsa a natse, zai tsallaka.

"Baba! Baba, tsaya!"

"Malam, sake ni. Ana jirana a gida."

Da ƙyar ya jawo shi, tsohon yana fizgewa, yana kiran jama'a su cece shi daga wannan mutumin. Duniya ba ta taɓa yi wa Mai Sikeli nauyi irin na wannan hawan tudun ba.

Nas ɗin da ke kula da zauren ta auna jinin Baba, ta ja Mai Sikeli gefe. Mace ce mai magana a miƙe, gajiya ta hana ta kwana-kwana.

"Jininsa ya hau sosai. Ba ya ci, ba ya shan magani, ga shi yana fita. Gobe da safe mota za ta zo ɗaukar marasa lafiya zuwa asibitin da ke ƙetaren gada. In bai natsu ba zan sa sunansa."

"To, sai in bi shi."

"Ba a ɗaukar ɗan jinya. Babu wuri."

"Sista, mutumin nan ko ni bai gane ni ba. In ya farka cikin baƙi, shi kaɗai..."

"Na sani. Amma gara gadon asibiti da ruwan can. Ka samo min hanyar da zai zauna ya ci abinci, ni kuma in bar maka shi."

Ya dawo kusurwarsu ya zazzage jakunkunan nan uku a tabarma. Ya bi takardarsa layi-layi, kamar amsar tana ɓoye tsakanin tocila da batir. Komai yana nan, babu abin da ya ɓace, babu kuma abin da zai zaunar da tsoho wuri ɗaya. Ya ɗago ya dubi Malama da ɗan guntun fata.

"Ba ki... ba ki mayar da shi a ɓoye ba?"

"Ka ce a bar shi, na bar shi."

Da ta yi masa gori da ya fi masa sauƙi. Ba ta yi ba. Sai ta jawo kwalin biskit ta juye abin da ke ciki a leda, ta miƙa masa kwalin da jan bironta na gyaran jarrabawa.

"Kai ne mai hannun zane. La'asar ta kusa."

Ya farke kwalin da almakashi ya shimfiɗa. Ya ɗauki gefen gwangwanin kifi ya mai da shi rula. Ya zana gidaje huɗu a kusurwoyi, ya ja layuka, ya raba su daidai wa daida, don ko a gudun hijira ba ya iya jan karkataccen layi. 'Ya'yan lido kuwa, ya tsinke maɓallai huɗu daga rigarsa ta canji, Malama ta tsinto murafun kwalba huɗu. Saura ƙwayar da ake jefawa. Ya daɗe yana kallon sabulun da ya auna da hannunsa, sannan ya yanko gefensa, ya sassaƙe shi ta fuska shida, ya huda ɗigo-ɗigo da tsinken ashana. Sai da ya jinjina ta a tafin hannu, ya ga wani ɓangare ya ɗan fi nauyi, ya ƙara kankarewa.

"Haba Maigida, ba aika ta za ka yi ba," in ji Malama.

Lokacin Baba ya riga ya miƙe yana laluben takalmi. Mai Sikeli ya ajiye masa kwalin a gabansa. Tsohon ya tsaya. Ya sunkuya. Ya sa yatsa yana bin gidajen ɗaya bayan ɗaya, leɓensa na motsi.

"Wane ne ya yi wannan aikin?"

"Ni ne, Baba."

"Gida shida ne a layi, ba biyar ba. Ka yanke masa hannu." Ya zauna daɓas, ya miƙa hannu. "Kawo biron."

Mutumin da bai san ranar da ake ciki ba, shi ya ƙara wa kowane layi gida guda. Ya ɗauki maɓalli ɗaya ya juya shi, ya ce zaren da aka ɗinka shi da shi na banza ne. Sannan ya zaɓi murafun kwalba, ya jera su a gidansa.

Malama ta matso za ta zauna kamar kullum, sai ta fasa. Ta ce layin ruwa yana jiranta, alhali jarkarsu cike take. Ta tura wa mijinta murfin filas ɗin shayi, wanda za a riƙa kaɗa ƙwayar a ciki.

Suka fara. Ƙwayar sabulu ba ta ƙara, ba ta kuma gangarawa da nisa, amma tana faɗuwa a kan lamba. Baba ya jefa shida, ya yi wata 'yar dariya da Mai Sikeli ya manta yana da ita. Malama ta dawo ta ajiye biskit kusa da gwiwar tsohon. Can sai ga hannunsa na hagu ya kai kai, idonsa na kan kwali. Ta ajiye magani da kofin ruwa a wuri ɗaya. Su ma suka bi bayan biskit.

Mutane suka fara taruwa. Masu rigimar caji suka bar bango suka zo suna ba da shawarar da ba wanda ya tambaye su. Mai talabijin ya ce shi ne na gaba.

Sai Mai Sikeli ya jefa huɗu. Ya duba, ya ga ɗan lidon Baba yana zaune gida huɗu cif a gaban nasa, saura ƙiris ya shige gida. In ya ci shi, tsohon zai koma farko. In ransa ya ɓaci ya ture kwalin ya miƙe fa? Ga Nas can tsaye a bayan mutane da takardarta. Mutumin da shekara ashirin da biyu bai taɓa rage wa kowa giram ɗaya ba, sai ya ɗauki maɓallinsa ya ƙirga da sauri, ya tsallake gida guda, ya sauka a na biyar.

Ji kake tas! Baba ya make masa bayan hannu.

"Kai Dila! Har yau ba ka daina satar gida ba?"

Mai Sikeli ya daskare. Dila. Sunan da Baba ya laƙaba masa ke nan yana ɗan shekara bakwai, a ƙarƙashin teburin yanka na shago, saboda wayon ƙirga da yake yi in sun buga. Ko Malama ba ta san sunan ba.

"Huɗu ka jefa. Koma ka ƙirga a gabana."

Ya koma. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Maɓallinsa ya tsaya a kan murfin kwalbar Baba.

"To, ci abinka mana. Wasa ne, ba yaƙi ba." Baba ya ɗauke murfin kwalbarsa da kansa ya mayar gida. "Kuka kuma na mene ne? Kai da ka ci?"

Jama'a suka kwashe da dariya, shi ma ya yi, yana share fuska da hannun riga. Daɗi da kunya suka haɗu suka cika masa ƙirji. Nas ta bari sai da aka gama wasan, ta auna jinin Baba, ta ce za ta sake dubawa da safe.

Da safen ta duba, ta ce ya sauka, ba can sosai ba, amma ya sauka. Motar asibiti ta zo ta ɗauki mutum uku ta tafi. Mai Sikeli yana tsaye a bakin taga har ta sha kwana.

Ko da ya juyo, Baba yana zaune a tabarma, kwalin a gabansa, yana jera murafun kwalba tun la'asar ba ta ko yi alamar zuwa ba. Ya ɗago ya gyara zama.

"Sannu da zuwa, Malam. Ka iya lido?"

Abin ya soke shi kamar kullum, amma yau bai nemi wani aikin da zai fake da shi ba. Ya cire takalmi.

"Na ɗan taɓa, Baba."

"To zauna. Amma ka ƙirga da kyau, ina gani. Ina da wani yaro, wayo gare shi kamar me, shi ya koya min sa ido."

"Yana ina yanzu?"

Baba ya kaɗa ƙwayar sabulu a murfin filas, ya ɗan yi tunani.

"Yana nan kusa," ya ce. "Jefa."