Motar Malam Labo ta Ƙarshe

Motar ta kwasa a guje ta ratsa tsakar gida, kaji suka watse, ta je ta daki turmi, gwaf! Sama'ila mai fenti ya yar da rimot ya ruga, ya manta da ciwon gwiwarsa da shekarunsa hamsin da biyar. Tayoyi lafiya lau, suna ta juyi a sama. Amma da ya ɗaga ta ya duba, sai gabansa ya faɗi. Koren fentin da ya kwana uku yana shafawa ya tsattsage kamar busasshen taɓo. Ɗawisun da ya zana a ƙofa ya rabe biyu, wutsiyar ma ta ɓanɓare ta manne masa a yatsa.

"Na shiga uku," ya ce. "Wa ya aike ni gwaji?"

Da motar tasa ce da da sauƙi. Ta maƙwabcinsa ce, Malam Labo bakanike, wanda katanga ɗaya ta raba su shekara ashirin da shida a nan Funtua. Wata biyu ke nan da aka sallamo Malam Labo daga asibiti a Zariya, irin sallamar nan da likita ke cewa a koma gida a ci gaba da addu'a. Ɗansa Zainulabidin, mai sarin kaya a Legas, ya san mahaifinsa ba ya iya zama hannu rabbana, sai ya aiko masa da wani kwali. Motar wasa ce a ciki, irin mai manyan tayoyi da ke hawa tudu da kwari, amma a wargaje take, kowane ƙarfe da ledarsa.

Mutanen unguwa sun sha dariya, wai dattijo da furfura ya koma wasan yara. Malam Labo ko a jikinsa. Sai a jingina shi da filo, ya ɗora faranti a cinya, yana harhaɗa giya, yana ɗiga mai a shokzoba, yana ɗaure notoci ƙanana kamar ƙwayar dawa. Ranar da jiki ya yi daɗi ya yi awa biyu, ranar da ya ƙi ko minti goma ba ya kaiwa. Sati biyar ya kwashe kafin injin ya yi kuka. Saura bodi, wata roba fara garai-garai da ake hango komai ta cikinta, nan ya aika aka kira Sama'ila.

"Ka tuna babbar motata ta ɗaukar auduga, wadda ka yi wa fenti tun kana saurayi? Haka nake son wannan. Kore, da ɗawisu, da rubutun goshi." Ya huta, ya ja numfashi. "Tun da nake ban taɓa barin motar kowa a kan jak ba, Sama'ila. Ba zan fara da tawa ba. Ka hanzarta, direban ba zai daɗe a tasha ba."

Ya haɗa masa da littafin da ya zo a kwalin, da ƙananan kwalaben fenti da gwangwanin feshi. To, girman kai rawanin tsiya. Mutumin da ya yi shekara talatin yana ƙawata manyan motoci daga Funtua har Malumfashi, shi takarda za ta koya wa riƙon burushi? Sama'ila ya jefa su bayan ƙofa, ya buɗe nasa fentin mai, na jikin ƙarfe, ya shafa mata son ransa. Ga abin da ya samu.

Yana tsugune a gaban turmi sai ya ji muryar Hajiya Marka, matar Malam Labo, ta saman katanga.

"Sama'ila! Ƙarar me na ji? Malam ya ce ya ji kukan motarsa."

"Ba komai, Hajiya, gwaji ne kawai."

"To ka kawo ya gani mana. Tun jiya ko kunu ya ƙi wucewa, ba abin da yake tambaya sai ita." Ta rage murya. "Ni dai ban ga alamar zai kai Juma'a ba."

Ran nan Litinin ce. Sama'ila ya lissafa a ransa. In ya kankare da wuƙa, robar za ta yi zane. In ya sa tina mai narkar da fenti, za ta ci robar. In a aiko da wata daga Legas ne, sati biyu ba ta iso ba. Tsoro ya kama shi sosai, tsoron mutumin nan ya tafi da aikinsa a rataye, kuma a ce hannun Sama'ila ne ya rataye shi. Ya so ya ce fenti bai bushe ba, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya naɗe motar a tsumma ya zagaya ta ƙofar gida.

Ɗakin yana warin man zafi da turaren wuta. Malam Labo ya rame har zobensa ya koma babban yatsa, amma idon nan na bakanike yana nan tar.

"Buɗe mu gani, oga mai fenti."

Sama'ila ya buɗe, kansa a ƙasa. "Yaya Labo, na ɓata maka aiki. Wallahi ban san ta inda zan fara ba ka haƙuri ba."

Tsohon ya karɓi bodin ya juya shi, ya leƙa ciki, ya leƙa waje. Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Hajiya Marka ta yunƙuro da kofin ruwa, ta zaci tari ne, ashe dariya ce.

"Ka buɗe littafin kuwa?"

"Ban buɗe ba."

"Na sani. Ko a da, in na ce maka ja, sai ka kawo mini ruwan hoda ka ce ya fi kyau." Ya sa farce a gefen robar yana ƙwaƙula. Sau uku farcen yana kuɓucewa. A na huɗu wani abu siriri ya ɗago. "Kama nan. Ja a hankali."

Sama'ila ya ja. Sai ga wata leda mai laushi tana tasowa daga jikin robar, tana tafe da koren fenti, da ɗawisu, da duk wata ɓarna. Kafin ka ce kwabo bodi ya fito fes, ko ɗigo babu, sai ƙyalli.

"Leda ka yi wa ado, malam," in ji Malam Labo. "Rufi ne aka sa mata don kada ta yi zane. Ita wannan ta ciki ake mata fenti. Robar ce ke kare shi, ko ta daki dutse ba abin da zai same shi."

Sama'ila ya zauna daɓas a kan tabarma. Wani sanyi ya sauka a ƙirjinsa, har hawaye suka zo masa, yana dariya yana gogewa da hular kansa. "Alhamdulillahi! Allah na gode maka. Yau da na mutu kafin ka."

"Bi layi," in ji tsohon. "Ni na riga ka zuwa."

"Ku dai ba ku da ta ido, ku biyun nan," Hajiya Marka ta ce, ta juya baya tana gyara ɗankwalin da bai kwance ba.

Sama'ila ya koma gida ya ciro littafin daga bayan ƙofa, ya kakkaɓe shi da ladabi. Matambayi ba ya ɓata. Ashe komai a juye yake. Abin da ya saba yi a ƙarshe, rubutu da idon ɗawisu da siraran layuka, shi zai fara shafawa, kore kuwa sai a ƙarshen ƙarshe ya rufe bayansu. Rubutun ne ya so ya gagare shi, don daga ciki dole ya tafi a birkice. Ya yi tunani, ya rubuta shi a takarda, ya shafe ta da man gyaɗa har ya fito ta baya, ya manna a waje, ya riƙa bi ta ciki da ƙaramin burushi yana fitar da harshe kamar ɗan koyo. Kowane shafi sai ya jira ya sha iska, kuma damina ce, fenti ba ya son bushewa. Duk bayan salla sai ya tsaya jikin katanga ya kasa kunne. In ya ji tarin Malam Labo, sai ya koma kan aiki da ƙarfinsa.

Ranar Laraba da la'asar, bayan an ɗauke ruwa, ya shiga da ita. Kore shar, ɗawisu a kowace ƙofa, a goshi kuma an rubuta Sannu Ba Ta Hana Zuwa da farin fenti. Malam Labo ya daɗe yana kallo. Ya shafa saman, sumul, ba ko tudun burushi.

"Ta fi ta gaske," ya ce. "Kada ka faɗa wa kowa na yabe ka. Ku fitar da ni."

Suka tallabe shi zuwa bakin ƙofa, Sama'ila ya zauna a bayansa ya zame masa majingina. Tsohon ya riƙe rimot da hannu biyu. Motar ta yi gurnani, ta sauka daga dakali, ta ratsa jiƙaƙƙiyar ƙasar tsakar gida, ta nufi 'yan kunyoyin masarar da Hajiya ta shuka a gindin katanga. Ta hau ta farko, ta hau ta biyu. A kwarin ta uku ta kafe, tayoyi na watsa taɓo.

Sama'ila ya yunƙura zai je ya ɗago ta.

"Zauna," in ji Malam Labo. "Hanyar Dandume ma ba a tura ni ba."

Ya ja ta baya kaɗan, ya ba ta wuta, ya sake ja baya, ya karya kan. A karo na uku ta yi tsalle ta fice, ta yi kwana a gaban rijiya, ta dawo ta tsaya daidai ƙafarsa, duk ta yi kaca-kaca da laka. Hajiya Marka ta rangaɗa guɗa ba ta san ta yi ba.

"To, madalla," ya ce. Ya miƙa wa Sama'ila rimot ɗin. "Kashe ta. Aiki ya ƙare."

Da yammar nan ya sha kunu rabin kofi. Washegari da hantsi, Hajiya na riƙe da hannunsa, Sama'ila na maimaita masa kalmar shahada, ya bi sau biyu, ya cika ba tare da wata wahala ba.

Bayan azahar aka kai shi. A hanyar dawowa daga maƙabarta Sama'ila ya yi mamakin kansa. Kewa tana nan, amma zuciyarsa wasai, kamar wanda ya sauke buhu a bakin rumbu. Ya leƙa gidan don ya shigar da tabarmin masu zaman makoki. An share tsakar gida tas tun daga zaure har madafa. Sai dai daga bakin ƙofar ɗakin zuwa gindin masara, siraran sawun tayoyi biyu suna nan kwance a ƙasa, tsintsiyar Hajiya ta bi gefe da gefe ta bar su.