Ranar da Fasto Ya Ga Hotonsa Cikin Matattu

Fasto bai taɓa hawa jirgin sama ba sai da furfura ta ci rabin kansa, kuma ko wannan ɗin ma ba shi aka gayyata ba. Shugaban ikilisiyarsu aka kira babban taron masu aikin bishara a ƙasar waje, ciwon ƙafa ya kwantar da shi, aka ce Fasto ya je a madadinsa. Shi ya sa katin da aka rataya masa a wuya a ƙofar zauren sunan shugaba ne a jiki. Bai damu ba, don a ganinsa suna ba ya hana mutum samun kujera.

Kwana biyun farko ya yi su baki buɗe. Zaure ne mai cin mutum dubu biyu, ga sanyin na'ura kamar an sa mutum a firji. A gefensa akwai tafinta, wani malamin makaranta ɗan ƙasarsu da ya daɗe a can, yana raɗa masa duk abin da ake faɗa. Fasto yana ta rubutu a ɗan littafinsa, har da yawan fitilun rufi, don ya samu abin ba da labari a gida.

A rana ta uku da hantsi aka ce za a tuna da waɗanda suka rasu a bakin aiki. Aka rage fitilu. Hoto ya fito a babban allo, a karanta tarihin mai shi, a kaɗa ƙararrawa sau ɗaya, sai na gaba. Fasto ya sunkuyar da kai yana addu'a. Da ya ɗago a hoto na bakwai, sai ya ga kansa.

Shi ne, ba kama ba. Ga wushiryarsa, ga kwat ɗin aro da ya sa ranar da ya shiga aikin mishan, fuskar ta cika bango guda. Tafinta kuwa bai lura ba, ya ci gaba da raɗa: «Wannan bawan Allah ya rasu shekara shida da suka wuce. Kwale-kwale ya kife da shi yana kan hanyar kai magani da bishara wani ƙauye a hayin kogi. An gargaɗe shi ruwa ya cika, ya ce mutane suna jiransa. Ya bar mata da 'ya'ya uku.»

Aka kaɗa masa ƙararrawa yana zaune.

Nan take ya gane yadda aka yi. A wancan lokacin mishan tana da jadawali, kowane mako da sunan mai haye kogi, ana aika kwafinsa babban ofis. Makon nan sunansa ne a kai. Da labari ya isa ofis cewa wanda ya tafi hayi ya nutse, sai suka duba jadawali, suka zaro hoto daga fayil, shi ke nan. Mutanen ofis sun fi yarda da takarda fiye da tambaya. Shi kuma bayan jana'iza ya bar aikin mishan ya koma wata ikilisiya, babu wanda ya sake neman wani.

Wanda ya nutse ƙaninsa ne, tela, mai koyar da waƙa a coci. Da safiyar ranar Fasto ya je bakin kogi, ya ga ruwa ja wur yana tafe da itatuwa, tsoro ya kama shi. Ya dawo ya kwanta, ya ja bargo, ya ce zazzaɓi. Tela ya rufe keken ɗinkinsa ya ɗauki jakar magani. Shekara shida ke nan kowa yana cewa Allah ne ya tsare Fasto da zazzaɓi, shi kuma yana amsawa da amin.

Wata tsohuwa da ke zaune a hagunsa ta fashe da kuka. Ta buɗe Littafi Mai Tsarki ta zaro wani kati da ya tsufa, mai wannan hoton, ta nuna masa tana magana. Yanzu Fasto ya yi ƙiba, ga tabarau, ga furfura, ko kusa ba ta gane shi ba.

«Ta ce kullum da safe tana yi wa matarsa da 'ya'yansa uku addu'a,» in ji tafinta. «Wai ko kun san shi, tunda ƙasarku ɗaya?»

Fasto ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba. 'Ya'yansa uku suna nan lafiya da ubansu, ana musu addu'ar marayu. Marayun gaskiya, su biyu, babu wanda ya san da su a zauren nan.

«Malam, raka ni wajen makirufo,» ya ce.

«Fasto, ba lokacin tambaya ba ne.»

«Na sani. Taso.»

Suna tafiya tsakanin kujeru ya hango kyamara a kan ƙafafunta, jar fitilarta a kunne. Ana nuna taron kai tsaye, kuma dattawan cocinsa sun ce za su haɗa talabijin a ofishin coci don jama'a su ga fastonsu a ƙasar waje. Matar ƙaninsa ba ta fashin abin coci. Yana iya cewa kuskuren hoto ne kawai, a yi mamaki, a tafa masa, ya koma ya zauna. Ya tsaya gaban makirufo yana auna wannan.

«Ka ce musu na bakwai ɗin nan ni ne, ban mutu ba.»

Tafinta ya dube shi, ya cire masa tabarau da hannunsa ba tare da neman izini ba, sannan ya ce, «Wayyo Allah!» a cikin makirufo. Da ya fassara, zauren ya ɗauki guna-guni. Tsohuwar ta miƙe tsaye, hannu a baki.

«Ka ce musu ƙanena ne ya rasu. Tela ne, 'ya'yansa biyu. Ranar aikina ce ba tasa ba. Na ce ba ni da lafiya.» Ya dubi kyamarar. «Lafiyata ƙalau. Tsoron ruwa na ji.»

«In faɗi har wannan?» tafinta ya tambaya ƙasa-ƙasa.

«Shi ne ma abin faɗin.»

Ya faɗa. Shugaban taro yana riƙe da sandar ƙararrawa ya rasa inda zai sa ta. Fasto bai jira komai ba, ya fita ta ƙofar gefe ya zauna a kan matakala. Bai fi minti biyar ba wayarsa ta yi ƙara. Matar ƙaninsa ce. Ya daɗe yana kallon wayar kafin ya ɗauka.

«Yaya, mun gani,» ta ce, muryarta a kwance.

«Ki yafe mini. Shekara shida ina ɓoye miki.»

«Ba ka ɓoye mini komai ba, Yaya. Tun da safiyar ranar ƙaninka ya faɗa mini, yana ɗaura takalmi. Ya ce ya taɓa goshinka, babu zafi. Ya ce kada in bari ka san ya gane.»