Takardar Belin Usumanu

Shekara biyu cur na yi ina karatun akawun lauya ta gidan waya. Duk wata ambulan zai iso daga Ingila, in zauna a bayan shagon ɗinkin babana a Laranto ina haddace yadda ake tsara takardar rantsuwa, ƙarar keke na cika min kunne. 'Yan unguwa har Barista suke ce min, kuma ba don girmamawa ba.

A daminar 1978 Lauya Pwajok ya yarda ya gwada ni. Mu biyu ke neman kujera ɗaya, ni da wani Cletus, wanda ya fi ni saurin tafireta amma Hausarsa ta sayen doya ce kawai. Ran Juma'a da safe oga ya kira ni.

"Labaran, ga wani tsoho can a waje, Sajo. An kama ɗansa Usumanu, wai an ga saniyar wani a garkensu. Ka buga takarda cewa shi ne uban, zai tsaya masa beli. Ka kai shi kotu a rantsar da shi kafin ƙarfe ɗaya. In ka dawo da hatimi, kujera taka ce. In babu, ka gaishe min da babanka."

Na ce a raina, wannan ai darasi na uku ne. Cikin minti goma na buga takardar, ko kuskuren harafi ɗaya babu. Na sa tsohon a gaba, shi da sandarsa da malafarsa, muka nufi kotu.

Mai rantsarwar wata mata ce, Madam Nkiruka, da tabarau a ƙarshen hanci. Ta karanta takardar, ta ce min da Turanci dole mai rantsuwa ya faɗi sunan da bakinsa, ya kuma ce ɗansa ne.

Na juya. "Baffa, wanda aka kama, yaya sunansa?"

Ya dubi ƙasa. "Ai kun rubuta."

"Mun rubuta, amma so ake ka faɗa."

"Mutumin rugarmu ne."

"Ɗanka ne?"

"Tare muke kiwo."

A nan na gane inda muka dosa. Usumanu ɗan fari ne. Bafulatanin daji ba ya kiran sunan ɗansa na fari, balle ya tsaya gaban mutane ya ce nawa ne. Darasi ashirin da huɗu Turawan nan suka aiko min, har da na gadon gona a ƙauyen da ban san inda yake ba, amma babu wanda ya ce ga yadda ake yi da kunya.

Na dubi agogon bango, sha biyu da kwata. Sai na yi abin da har yau nake jin nauyinsa. Na gyara murya na ce da Turanci, "Ya ce eh, ɗansa ne Usumanu."

Madam ta sauke tabarau. "Malam, ni a Tudun Wada aka haife ni. Ina ji Hausa sosai. Baba bai faɗa haka ba. Ka sake yi min ƙarya, kai ne za ka kwana a sel."

Na ja tsohon waje, raina a ɓace. Na lallaɓa shi, na haɗa shi da Allah, na ce in bai faɗa ba yaron zai kwana uku a kulle har Litinin. Ya ce ko a kira ƙanensa daga ruga ya faɗa a madadinsa. Na ce rugar mil nawa ce? Ya ce in an tashi yanzu a isa da la'asar. Wallahi sai da na ɗaga masa murya, tsohon da ya girmi babana.

"Baffa, suna ne fa! Kalma ɗaya! Aikina ne zai tafi!"

Sai murza sandar yake yi. Muka koma ciki sau biyu. Duk lokacin da Madam ta tambaya sai ya buɗe baki, ya dubi masinjan da ke tsaye da mutanen da ke kan benci, ya rufe. Ita ma ta yi ƙoƙari, ta kori kowa daga ofishin, amma ita ɗin ma ai mutum ce.

Ƙarfe ɗaya ta jefa hatimin a durowa, ta murɗa makulli, ta ce mu dawo Litinin. Masu zuwa masallaci suka watse. Na zauna a kan matakala da takardata a hannu, haushi ya hana ni ko kallonsa. Na san kafin in isa ofis Cletus ya riga ya share kujerar.

Tsohon ya tsuguna kusa da ni. Sai na ji muryarsa can ƙasa, fuskarsa a juye wajen bango.

"Usumanu. Ɗana ne. Ni na haife shi."

Ni kaɗai na ji, ni kuwa ba ni da hatimi.