Shafukan da Aka Ƙara

Mai gadi ya tare ƙofar ɗakin karatu da hannu, ya ce ba a shiga da jaka. Kaka ta cire jakar ta danƙa masa a ƙirji.

"Riƙe. Goro ne da carbi, ba littafi na zo sata ba. Ina shugabar nan?"

Jikarta, wadda duk gida ke kira Takwara saboda sunan Kaka ta ci, ta biyo ta da idanu a kumbure. Jiya aka kira ta ofis aka ce an kama satar rubutu a aikin bincikenta na kammala kwaleji. Yau bayan azahar kwamiti zai zauna, in ya tabbatar, kora ce. Kaka da sayar da gawayi ta riƙe yarinyar nan tun rasuwar uwarta, kuma ba ta ga ɗan da aka haifa da zai kira ta ɓarauniya ta yi shiru ba.

Ɗalibai suka ɗago kai daga tebura. Wani ya ce, "Shiru ake yi a nan, Baba."

"Kai yi ta shirunka, ba kai za a kora ba."

Shugabar ɗakin karatun mace ce siririya mai tabarau. Ta fito da kanta ta shigar da su ofis, ta ba Kaka kujera. Kaka ta ƙi zama.

"Malama, an ce injinki ne ya yi wa jikata ƙazafi. Yarinyar nan a gabana ta yi rubutun nan. Kan buhun gawayi take ɗora takarda, ina awo tana rubutu, har ɗan yatsanta ya yi kanta. Wa ta sata? Ni? Ko harafi ban sani ba."

"Inna, inji ba ya ƙazafi, kamanni kawai yake nunawa. Zo ki gani."

Ta juyo da fuskar kwamfutar. Shafuka suna wucewa farare, farare, sai ga ja ya malale tun daga sama har ƙasa, shafi bayan shafi, sannan fari ya dawo.

"Farin nan nata ne. Jan nan kuma, kalma da kalma, aikin wani ɗalibi ne da ya gama da daɗewa. Ga littafinsa can a kan kantar littattafai."

Takwara ta matso ta ƙura ido. Jiya kuka ya hana ta duba komai. Ta karanta layi ɗaya, ta karanta na biyu.

"Malama, wannan ba rubutuna ba ne. Ban taɓa ganinsa ba. Ni a kan yaran unguwarmu na yi, wannan maganar manyan makarantu yake."

"Kowa haka yake cewa, ƙanwata. Ba ke kika miƙa shi ba?"

"Ni na miƙa, amma a ɗaure na karɓe shi, ranar rufewa. Ina kwance da zazzaɓi, Kaka ce ta kai wa mai buga takardu na bakin ƙofar kwaleji, ita ta karɓo."

Duk suka juyo suka dubi Kaka. A nan ne ta ja kujerar ta zauna.

Ta tuna ranar sarai. Shagon cike da ɗalibai, kowa riƙe da littafi mai kauri kamar bulo. Ita kuma 'yan takardun Takwara ne a leda, ko nauyin kirki babu. Mai bugawa ya jujjuya su ya yi tsaki, ya ce, "Hajiya, wannan ai bai cika ba. Malamai ba sa son siriri." Ita da ba ta taɓa miƙa wa mai saye mudu ba sai ya yi tozo, ta ji kunya ta kama ta. Ta ce masa ya cika shi ya yi kauri kamar na 'ya'yan mutane, ta ƙara masa ladansa. Har godiya ta yi masa.

Ta faɗa musu haka, ba ta rage komai ba.

"Kaka," in ji Takwara, muryarta can ƙasa. "Gawayi kika ɗauke shi?"

"Ke rufe min baki, ba yanzu ba. In mun je gida ki zage ni son ranki." Ta juya ga shugabar. "To ke, Malama. Littafin wancan yaron a ɗakinki yake. Ta ina ya bi ya je shagon wani ƙato?"

Shugabar ta cire tabarau ta murza ido. "Tambayarki daidai ce. Ba ma bari a fita da su, amma ɗalibai suna ɗaukar hotonsu a waya su sayar masa. Na hana, na kafa sanarwa cewa duk ɗalibi ya kawo aikinsa mu duba masa kyauta kafin ya miƙa. Kaɗan ke zuwa."

"Sanarwa a bango. Ni da na kai aikin, bango zan karanta?"

Shugabar ta mayar da tabarau idonta. Ta ce abin da za ta iya shi ne ta shaida wa kwamiti cewa jan a dunƙule yake wuri ɗaya, salonsa daban da sauran, ta kuma roƙa a bar Takwara ta sake haɗa aikinta a nan, a gabanta.

"Amma ba ni ke yanke hukunci ba, Inna. Za su ce kaka ce ke kare jikarta. Sai an samu wanda ya buga ya faɗa da bakinsa, shi kuwa ba zai zo ba. Mun sha kiransa."

"Kira kuka yi," Kaka ta ce, ta miƙe tana gyara ɗaurin zaninta. "Ke Takwara zauna nan, kar ki motsa. Malama, a ba ta ruwa."

Ta wuce mai gadi ba ta ko karɓi jakarta ba. Rana ta take. Ta bi ta gaban azuzuwa, ta fita babbar ƙofa, ta tsallaka titi tsakanin masu babur.

Shagon a cike yake kamar kullum, injin yana ta aman takardu. Mai bugawa ya hango ta ya washe baki.

"A'a, Hajiya. An ji daɗin aikin? Wani aikin aka kawo?"

Kaka ta ratsa ɗaliban, ta miƙa baƙin hannunta ta kama gaban farar rigarsa, ta nannaɗe a yatsunta. Ba ta ɗaga murya ba.

"Sallami mutanen nan, ɗana. Ana jiranmu ni da kai a ciki, kuma ba zan saki rigar nan ba sai a gaban malamai."